Wayar da Ke Kamawa a Kan Gwafa

Shekarar da matata ta samu cikin fari ita ce shekarar da aka kafa ƙarfen sabis a Rano. Ina koyarwa a firamare a lokacin, ina da tsohon babur da 'yar wayar hannu wadda yawancin aikinta nuna min lokaci ne. An gama zaɓe na biyu na farar hula, hirar shari'a ta fara lafawa a majalisu, ta waya ta karɓe wurin: wane ne ya saya, ta wa ta fi kamawa.

Cikin yana wata bakwai na raka ta awo. Malamar asibitin ta danna mata ƙafa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta auna jininta sau biyu, sannan ta sa aka kira ni ciki.

"Malam, jininta ya hau," in ji ta. "Ga magani. Amma duk ranar da ta ce kanta na sarawa, ko tana gani dishi-dishi, ko naƙuda ta taso, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kawo ta nan. Abin nan jijjiga yake komawa, kuma ba ya jiran kowa."

Ba a yi sati ba aka zo tafiya da ita goyon ciki, tunda haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Ƙauyensu yana bayan Kibiya, sai ka bar kwalta ka bi burji, ka ƙetare wani rafi da ba ya da gada, ga shi damina ta kankama. Na buɗe baki zan yi ƙorafi, mahaifiyata ta ce, "So kake a ce mun raina uwarta?" Na haɗiye sauran maganar, amma ban haɗiye tsoron ba. Abin da na iya ƙullawa shi ne in sayi waya in ajiye a can, ta yadda ranar da abu ya taso za a kira ni in taho da mota.

Mai sayar da waya ɗaya muke da shi a lokacin, a bakin tasha, da akwatin gilashi da babbar lema. Mutum ne mai bakin tsiya, wanda zai iya sayar maka da takalmin da ke ƙafarka. Da jin na ce ta gidan surukai ce, sai ya zaro wata mai murfi, ja, mai gilashi kala-kala da rediyo.

"Malam, wannan ita ce ta fita kunya. Ka kai ta gidan surukai, ko sallama ba sai ka yi ba."

Gaskiya ta shiga raina. Har na ga matata tana buɗe ta a gaban ƙawayenta. Ina jujjuya ta sai wani dattijo mai fataucin shanu ya tsaya sayen kati, ya ciro tasa daga aljihu: wata baƙa mai kauri, lambobinta sun goge, an ɗaure bayanta da roba. Na tuna cewa duk fataken da nake gani a kasuwar shanu irinta ce a hannunsu, kuma ba don sun rasa abin sayen mai kyau ba. Na tambaye shi dalili.

"Ni daji nake shiga," ya ce. "Waccan ta hannunka 'yar birni ce, ko ƙofar gari ba ta wucewa."

Mai waya ya fusata, ya ce ƙarya ake yi wa hajarsa. Ni kuma na ce ba zan sayi komai ba sai na ga ta kama a cikin gidan da za ta zauna, ba a ƙarƙashin lemarsa ba inda ko cokali ka ɗaga zai kama sabis. Muka yi ta musu har ya buga ƙirji ya ce zai bi ni da kansa ranar Asabar, ya kunyata ni da mai shanu gaba ɗaya.

Haka kuwa aka yi. Na goya shi a babur yana riƙe da waya uku, ja mai murfi, wata siririya mai ruwan toka, da baƙar mummunar. Yana duba 'yan sandunan nan da ke gefen gilashi masu nuna ƙarfin sabis yana faɗa min a kunne. A Rano duka ukun a cike. Da muka shiga tsakanin duwatsu ya ce ja ta koma biyu. A Kibiya ya ce ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Da muka sauka daga kwalta sai na daina jin komai daga bayana.

"Yaya dai?" na ce.

"Tuƙa kawai, Malam."

A bakin rafi siririyar ma ta ɗauke. Baƙar ce kaɗai take ta fama, sanda ɗaya ta zo, ta tafi, ta dawo. In ita ma ta gaza ba ni da wata dabara.

A gidan mutum uku ne: matata, da wanta wanda nake kira Yaya, manomi ne da ba ya yini a gida, sai mahaifiyarsu, Inna. Mahaifinsu ya rasu tun da daɗewa. Inna mace ce mai kunyar da yanzu ba a cika samun irinta ba. Tunda na auri 'yarta ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. In na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta, daga bayan asabari take amsawa, da ƙyar nake ji. In tana da magana da ni, sai ta faɗa wa matata ina zaune ina ji: "Ki ce masa ya gaida mutanen gida." Ni ma ta haka nake mayar mata. Ban taɓa ganin laifin wannan ba, ina ma alfahari da shi a gaban abokaina.

Mai waya ya tsaya a zaure, ni da Yaya muka shiga zagaye gida da baƙar waya a sama. Ɗakin Inna babu. Ɗakin da matata take babu. Bakin rijiya, bayan rumbu, turken awaki, babu. Zufa ta jiƙa min riga, matata na zaune a tabarma ta miƙe kumburarrun ƙafafunta tana min dariya. Sai a gindin rumfar tsakar gida, da na ɗaga hannu iya tsawona kusa da gwafar da ta tallafe rumfar ta gabas, na ga sanda ɗaya ta fito ta tsaya. Na sauke hannu zuwa kafaɗa, ta ɓace. Na mayar, ta dawo. Yaya ya kife turmi na hau, na kira lambata, wayar da ke aljihuna ba ta motsa ba tunda ita ba ta kamawa, amma na ji matar nan ta cikin waya tana bayani da Turanci, kuma a ranar babu muryar da ta fi tata daɗi.

Na buga ƙusa a saman gwafar, matata ta ba da wata 'yar jakar saƙa muka rataye wayar a ciki. Na nuna wa Yaya yadda ake yi: a hau turmi, a danna kore sau biyu, lambata ce za ta fita. Muka yi da shi kullum da safe kafin ya tafi gona zai yi min filashin, ta yi ƙara sau ɗaya ya kashe, alamar an tashi lafiya. In kuwa na ji ta ci gaba da ƙara, to ba lafiya. Ranar kasuwa zai kai ta Kibiya a yi mata caji wurin mai janareta. Na nanata masa har ya fara ƙosawa, cewa in ba ranar caji ba kada wayar nan ta bar kan ƙusar nan. A hanyar dawowa, sai da muka shigo gari mai waya ya ce dama shi tun farko baƙar ya so ya ba ni.

Kwana tara abin yana tafiya daidai. Ina cikin taron ɗalibai na safe zan ji ta yi ƙara sau ɗaya a aljihu, in sauke ajiyar zuciya, in shiga aji kamar mutum.

Rana ta goma aka tashi da ruwa, kuma ba ta yi ƙara ba. Na ce ruwa ne ya hana shi fitowa. Da aka fita hutun ƙarfe tara na kira, matar cikin waya ta ce ba a samun lambar. Na kira da azahar, na kira da la'asar, maganar ɗaya. Washegari ma shiru, kuma an ce rafin ya kawo, babur ba ya wucewa. Na tsaya gaban allo ina koyar da lissafi ina rubuta abin da ni kaina ban san mene ne ba. Duk mai babur da ya tsaya a ƙofar makaranta sai in ce saƙo ne aka aiko da baki tunda waya ta ƙi. Da aka tashi na wuce tasha na sauke wa mai waya kwandon masifa a gaban mutane, na ce ya sayar min da gawa. Ya rantse, na rantse, har sai da aka shiga tsakaninmu. Ina da saurin fushi, na sani, kuma tsoro ne yake ƙara hura min shi.

A rana ta uku ruwan ya ja baya. Na nemi izini na kama hanya, na tura babur cikin rafi ruwa har gwiwa. Ina shiga gidan idona ya sauka a kan gwafa. Ƙusa tana nan, babu jaka, babu waya.

Matata na zaune a inuwa, da ranta da lafiyarta, sai dai fuskarta ta ƙara cika har idanunta sun ƙanƙance. Na yi hamdala, na je na gaida Inna ta bayan asabari, sannan na dawo na tambayi waya. Matata ta sunkuyar da kai. Ta shiga ɗakin Inna, na ji ƙarar murafe, ta fito da wani ƙunshi. Ashe da aka fara ruwa Inna ta sa an sauko da ita, ta naɗe ta a sabon kallabi, ta saka a cikin langa, ta rufe, ta ɗora wasu langunan biyu a kai, can inda take ajiye 'yan kunnenta na aure da turarenta. Yaya ya nema, ta aika masa cewa kayan mutane mai tsada ba a rataye shi a waje kamar albasa, ga ruwa, ga matan maƙwabta da ke ta shigowa kallo. Shi kuwa ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, ina zai iya tsayawa musu da ita? Wayar tana kunne, cajinta bai ko taɓu ba, tana kwance cikin ƙarfe uku a ɗakin da ko a fili ba ya kamawa.

Na san darajanta ni ta yi. A wurinta abin da suruki ya kawo, wurin da ya fi ko'ina daraja a ɗakinta ya kamata ya zauna. Na san haka ko a lokacin. Amma kwana uku na yi ina binne matata a zuciyata ina tono ta, kuma bakina ya riga hankalina. Na juya wajen matata, kamar yadda muka saba in za a isar da saƙo, sai dai da muryar da ban taɓa ɗagawa a gidan ba.

"Ki ce ba don ado na kawo ta ba. Ki ce ranar da kika faɗi kina mutuwa, langa ba za ta kira ni ba."

Matata ta dafe baki. Daga bayan asabari ban ji ko motsi ba. Da ma ta yi faɗa, da ya fi min sauƙi. Na tsaya da kallabinta a hannu na rasa inda zan sa kaina, don a garinmu mutum ya ɗaga wa surukarsa murya abin da ake ba da labarinsa ne har jikoki.

Na hau turmi na mayar da wayar kan ƙusa, na kifa mata gwangwanin madara da na fasa gefensa saboda ruwa. Da Yaya ya dawo daga gona na roƙe shi ya bar ni in tafi da ita Rano. Ya riga ya ji abin da na yi, fuskarsa a ɗaure.

"Bayan abin da ka faɗa yau, in ka ɗauke ta, ka ce wa duniya Inna ba ta iya riƙon 'yarta ba. Ka bari ta haihu a ɗakin uwarta."

Na tambayi matata ko kanta na ciwo. Ta ce a'a, ba tare da ta kalle ni ba. Na yi sallama a ƙofar Inna, aka amsa can ciki, gajeriyar amsa. Na tafi ban sani ba ko ina fita za a sake sauko da wayar.

Washegari filashin ya shigo. Wanda ya biyo baya ma ya shigo. A rana ta uku ya shigo da safe kamar kullum, na shiga aji na ajiye wayar a kan tebur. Wajen ƙarfe sha ɗaya, ina tsakiyar rubutu a allo, ta yi ƙara. Na tsaya da alli a hannu ina jiran ta katse. Ba ta katse ba. Kuma na san a wannan lokacin Yaya yana gona, duk mazan ƙauyen suna gona.

Na ɗauka. Da farko numfashi kawai nake ji, mai nauyi, da kukan awaki.

"Yaya? Wane ne?"

"Malam." Muryar mace ce, tsohuwa, tana rawa. Ban gane ta ba, don ban taɓa jin ta a fili haka ba. "Malam, ni ce. Ka zo da mota. Yarinyar nan ta faɗi, idonta ya juye. Kana ji na?"

"Ina ji, Inna."

"Ka zo."

Ban tuna yadda na fita daga makarantar ba. Na tuna ina tasha ina jan rigar wani direba mai ƙaramar mota da na sani, yana cewa lodi yake, mai wayar nan da na zaga a gaban jama'a shi ya taso ya daka masa tsawa ya sauke fasinjojin. Muna wuce duwatsu direban ya faɗa min gaskiya, motarsa ba za ta shiga rafin nan ba, in ta shiga a ciki za ta kwana. Mun kusa Kibiya, sanda ɗaya ta rage a wayata, kuma na san muna sauka daga kwalta shi ke nan. Na ce ya tsaya. Na kira, ina addu'ar da ban san me nake cewa ba, don wace uwa ce za ta bar 'yarta a ƙasa ta tsaya kusa da gwafa?

Ƙara ɗaya ta ɗauka.

"Inna, mota ba za ta ƙetare ba. A sa ta a amalanken shanu a kawo ta bakin rafi. A kwantar da ita ta gefe, kada a ɗura mata komai a baki."

"To," ta ce. "An tafi kiran wanta. To."

Mun kai kusan rabin awa a bakin rafin, ko kuwa ni ne na ga haka. Ina ta shiga ruwa ina fitowa. Can na hango shanu biyu sun ɓullo, Yaya na gaba yana jan su da gudu, Inna na cikin amalanken ta rungume kan matata a cinyarta, babu mayafi, ɗankwalinta ya zame. Ranar na fara ganin fuskarta. Ni da Yaya muka ɗauko matata muka ratsa ruwan da ita, jikinta a sanƙare, bakinta da jini inda ta ciji harshe. A mota ta sake jijjiga sau ɗaya kafin mu shiga Rano, Inna na riƙe da ita tana salati, ni ina gaba na kasa waiwayawa.

Aka yi mata aiki da yamma. Aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, da rai. Uwar ba ta san inda take ba sai a kwana na biyu.

Sai da ta warware take ba ni labarin abin da ban gani ba. Ta ce ranar da na yi wannan maganar, bayan na tafi, Inna ba ta ci abinci ba. Washegari da gidan ya zama babu kowa sai ta ce mata, "Nuna min inda ake dannawa." Ta kama gwafa ta hau turmin da ƙyar, da ciwon gwiwarta, ta sauko, ta sake hawa, har sai da ta tabbata za ta iya ba tare da an riƙe ta ba. Ranar da abin ya faru kuma, maƙwabta sun ce bayan ta kira ni ta ƙi saukowa. Tana tsaye a kan turmi da waya a kunne, tana kallon 'yarta a hannun wasu matan tana kuka, tana cewa Malam ya ce in aka sauke wayar ba ta kamawa, kuma zai iya sake kira.

Ranar suna na je ƙofar ɗakin Inna na durƙusa, na shirya magana tun daga Rano, ta godiya da ta neman gafara. Asabarin yana sauke. Na gaishe ta, ta amsa ƙasa-ƙasa kamar da. Na buɗe baki zan fara, sai na ji ta ce da matata, "Ki ce masa ga fura can ya sha, rana ta yi."

Ta yi shekaru da dama bayan nan, ta goyi yarinyar, ta ga ƙannenta. Ba ta sake yi min magana kai tsaye ba, ni ma ban sake samun fuskar yi mata ba. Na sha cewa matata ta ba ta haƙuri a madadina, sai ta ce Inna ta ce ita ba ta san an yi wani abu ba. Har ta koma ga Mahaliccinta ban faɗa mata da bakina ba, kuma abin yana damuna har yau.